Jirgin Ƙasa Ba Shi da Sitiyari

Duk unguwar da ke bayan tasha, Sarkin Dogo ake kiran mijin Goggo Tela, ko da yake in sun tsaya tare da kyar kansa yake kai kunnenta. Bai taɓa aikin jirgin ƙasa ba. Ya dai nema tun yana saurayi. Aka nuna masa jar fitila ya ce koriya ce, aka nuna masa koriyar ya ce ai wannan ita ce ta ɗazu, sai mai gwajin ya raka shi bakin ƙofa cikin mutunci. Daga nan ya koma gyaran keken ɗinki, ya kama shago mai kallon layin dogo da gidan da ke bayansa, son jirgin da aka hana shi tuƙawa kuwa ya zauna masa a ƙirji har ya yi furfura.

A shagon nan Goggo ta san shi. Ta kai masa kekenta da ke tsinka zare, ya gyara kafin ta gama gyara zama, sannan ya riƙe ta har rana ta yi zafi yana yi mata bayanin yadda ake sauya wa jirgi layi. Ita a zatonta salon neman aure ne. Sai da ta shiga gidan ta gane bawan Allah da gaske yake, haka yake yi wa mai wanki, haka yake yi wa mai gyaran famfo.

In jirgi ya wuce tagogin gida suna rawa, zai ɗaga yatsa ko da loma a bakinsa, ya faɗi irin kan jirgin da ke jan taragan, da ko kaya ya ɗauko ko mutane, da ko direban sabon hannu ne. Ƙofar ɗakinsa da guntun dogo ake tokare ta. A bango akwai taswirar layuka da ta kusa cin rabin ɗakin, a kan kabad tsohuwar fitilar hannu irin ta masu tsaron mararraba, wadda yake gogewa fiye da takalminsa.

Surutun ma da sauƙi. Babban ciwon Sarkin Dogo shi ne kuskure. Ka zage shi ya yi dariya, ka taka masa ƙafa ya ba ka haƙuri, amma ka faɗi abin da ba daidai ba a kan jirgi, to ka ɗebo ruwan dafa kanka. Ranar da dangin saurayin Auta, ƙaramar 'yarsu, suka zo gaisuwa, kawun yaron ya yi suɓutar baki ya ce jirgi ma ai yana taka birki ya tsaya cak kamar mota. Goggo ta yi ƙifce har idonta ya yi ciwo, ko a jikinsa. Baƙin nan ba su bar gidan ba sai da shayi ya huce aka ɗumama, ya sake hucewa.

Goggo tana da nata maganin. In ya fara, sai ta ce, "Malam, ka ji tausayin kunnen bayin Allah mana," ta ɗora ƙafa a kan keke ta taka da ƙarfi, ƙarar ta rufe muryarsa. Shi kuma ya ɗaga murya ya ci gaba. Haka suka yi zamansu shekara da shekaru, keke na magana, Malam na magana, kuma maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba.

Akwai abu ɗaya da ya fi so ya faɗa, wata gadar dutse mai lanƙwasa, can cikin tsaunuka, wadda ya taɓa hayewa yana saurayi. Kullum yana cewa sai ya kai ta ta gani, kullum tana cewa bari ta gama ɗinkin da ke hannunta. Ɗinkin tela kuwa ba ya ƙarewa.

Wata safiya yana cikin gyaran wani keke sai sukuddireba ta faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, shi ma ya bi ta. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma an yi sa'a an kawo shi da wuri. Ya dawo gida yana jan ƙafar dama, hannun dama ya yi sanyi, baki ya ɗan karkace. Likitar ta ja Goggo gefe ta ce mata, "Mama, maganarsa tana nan, harshen ne ya yi nauyi. Sai ya yi ta yi, ko da a karye take fitowa. In ya bar ta ta kwanta, tashinta zai yi wuya."

A kwanakin farko ya gwada. Kalma takan fito rabi, ta maƙale, yawu ya biyo baya. Ya yi haka ya yi haka, sannan ya daina. Ruwa yake so, ya nuna kofi. An tambaye shi jiki, ya gyaɗa kai. Abokansa na shago suka zo suka yi ta jan sa da hira, shiru kamar an shuka dusa. Auta ta kawo masa jikansa, ya shafa kan yaron da hannun hagu, ya yi murmushi da rabin baki, shi ke nan.

Goggo ta samu shirun da ta yi ta roƙo, kuma bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Jirgi ya wuce, tagogi su yi rawa, ta dakatar da keke tana jira, babu yatsa, babu bayani. Ta lura cewa yanzu a hankali take taka keken, don kada ya yi magana ba ta ji ba. Tsoro take ji sosai. Ba mutuwarsa take tsoro ba, wannan na kowa ne. Tsoronta shi ne su ƙarasa rayuwa ɗaki ɗaya, ba ta sake jin muryar mutumin da ta aura ba.

Ta lallashe shi, ta yi masa faɗa, ta yi fushin ƙarya, ta yi na gaske. Daga ƙarshe ta kira Auta kicin ta rufe ƙofa.

"Tikiti nake so ki sayo mana, na jirgin da ke bi ta tsaunuka. Ni da babanki."

"Inna, a wannan halin?"

"A wannan halin. Kuma tarago na ƙarshe, kujerar taga, hannun hagu."

"Me ya sa sai na ƙarshe?"

"Ke dai sayo, kada ki dame ni da tambaya."

Auta ta dube ta. "Kina ganin in ya ga gadar zai yi magana?"

"Gada ba ta isa ba," in ji Goggo. "Ni na san abin da zai buɗe bakin nan. Babanki yana iya haɗiye ciwo, yana iya haɗiye wulaƙanci, amma ba ya iya haɗiye kuskure. Ƙarya zan yi ta shirgawa a gabansa har sai ya fashe."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido da bakin mayafi, don dariyar ta zo da hawaye.

Ranar tafiya, da aka nuna masa tikitin, ya daɗe yana kallon sa. Da kansa ya nuna rigar da yake so a sa masa, kuma bai yarda a riƙe shi ba wajen hawa matakalar tarago, sandarsa kawai ya dogara. Goggo ta zaunar da shi bakin taga, ta ɗora masa hannun dama a cinya, ta ajiye fulas da kofuna a kan ɗan teburin da ke tsakani.

Kujerar da ke fuskantar su wata yarinya ce mai goyo, siririya, idanu zuru-zuru. Ta gaishe su har ƙasa. Kafin jirgi ya tashi Goggo ta riga ta san cewa wurin mijinta za ta, wanda aka mayar da aikinsa can bayan tsaunuka, kuma wannan ne karonta na farko a jirgin ƙasa, jiya ma ba ta yi barcin kirki ba don fargaba. Mai hankali da ya ji haka ya sauya shawara. Goggo kuwa abin da ta gani kawai shi ne ta samu ɗaliba.

Jirgi ya yi kuwwa, ya ja. Suka wuce bayan gidajen unguwa, da shanya a kan igiyoyi, da shagon Malam a kulle. Suka wuce wurin ajiye tsofaffin taragai, ciyawa ta fito ta cikin tagoginsu. Daga nan gari ya ƙare, fili ya buɗe, gonaki kore shar har iyakar gani, shanu suna ɗaga kai su dubi jirgi su mayar, yara suna gudu a gefen layi suna ɗaga hannu. Sarkin Dogo ya manna goshi da gilashi. Idonsa ba ya kan gonakin, yana ƙasa, kan layin da ke gudu kusa da nasu.

Mai goyo ce ma ta buɗe ƙofa da kanta. "Mama, wai me ya sa ake zuba duwatsun nan a ƙarƙashin dogo?"

Abin nema ya samu. Goggo ta gyara ɗaurin kallabi ta ɗaga murya. "Ado ne kawai, 'yata. Masu jirgi mutane ne masu son kwalliya. Ba su da wani amfani, ko kwashe su aka yi ba abin da zai faru."

Ta saci kallon mijinta. Fatar idonsa ta motsa. Bai juyo ba.

Aka yi tafiya, aka haye wani kogi mai faɗi a kan gadar ƙarfe, mata suna wanki a bakin ruwa. Goggo ta zuba shayi ta miƙa wa yarinyar, ta riƙa wa Malam nasa. Ƙafafun jirgi suna ta bugawa, taƙas-taƙas, taƙas-taƙas.

"Kina jin ƙarar nan?" in ji Goggo.

"Ina ji, Mama."

"Notuna ne suka kwance. Tun da aka shimfiɗa layin nan ba wanda ya sake ɗaure su. Haka ake lallaɓawa."

Yarinyar ta ajiye kofin, ta ƙara rungume jaririnta. Goggo ba ta gani ba, don idonta na kan hannun hagun Malam, wanda ya damƙe kan sanda har jijiyoyi suka fito. Ta ce a ranta, haɗiye, Sarkin Dogo, haɗiye, mu ga iyakar maƙogwaronka.

Can da rana ta ɗaga, tsaunukan da suke hango kamar hayaƙi suka matso, suka yi jiki. Jirgi ya tsaya a wata ƙaramar tasha a gindinsu, mai dakali ɗaya da tankin ruwa da bishiyoyi masu inuwa. Ba wanda ya sauka. Sai suka ji an bugi taragonsu ta baya, gum, kofuna suka yi tsalle. Wani kan jirgi ne aka haɗa.

"Mama, me ya faru?"

"Na gaban ne ba shi da lafiya," in ji Goggo ba ko ƙifta ido. "Yakan mutu a tsakiyar hawa. Shi ya sa ake jona wannan, ko da tsautsayi."

Wannan karon Malam ya juyo ya dube ta. Kallo ne mai tsawo, wanda ba ta iya karantawa ba. Ta jira. Ya mayar da kai taga.

Aka fara hawa. Jirgi ya rage gudu yana nishi gaba da baya. Layi ya shiga tsakanin duwatsun da aka yanka, kusa har mutum zai iya miƙa hannu ya taɓa, ruwa yana tsattsafowa a jikinsu. Su fita daga nan sai ƙasa ta buɗe ta hagu, ƙauyuka can ƙasa, rufin gidaje ƙanana-ƙanana, hanyar mota ta naɗe a jikin tsauni. Wani wuri ruwa yana zubowa daga sama fari fat, iska ta watso musu feshinsa a gilashi. Goggo da kanta sai da ta manta da aikin da ya kawo ta na ɗan lokaci. Gani ya kori ji. Ashe duk abin da mutumin nan yake faɗa bai kai rabin abin ba.

Amma gadar tana matsowa, kuma kibiya ɗaya ta rage mata, wadda ta ajiye don ƙarshe. A duniya babu maganar da ke tayar wa Sarkin Dogo da hankali kamar ta. Ya taɓa barin abinci ya bi wani baƙo har bakin titi a kanta.

Ta yi gyaran murya. "To, 'yata, daga nan sai addu'a. Hanyar duk kwana ce. Allah dai ya sa direba ya riƙe sitiyarinsa da kyau, don in ya ɗan yi gyangyaɗi, ko hannunsa ya zame, shi ke nan."

Malam ya zabura. Ya saki sandar ta faɗi. Bakinsa ya buɗe, leɓen ƙasa yana rawa, wuya ya kumbura. Goggo ta zuba masa ido.

"Ji..." ya ce. "Ji..."

Kalmar ta tsaya nan. Yawu ya gangaro gefen bakinsa. Ya dubi yarinyar, ya dubi mutanen da ke kujerar gefe, ya lalubo hankici da hannun hagu ya goge, ya rufe baki. Ya juya wa Goggo ƙeya gaba ɗaya.

 Ta sunkuya ta ɗauko sandar ta jingina masa. Kunya ta kama ta, da tausayi, da haushin kanta. Ta jawo mara lafiya daga gadonsa, ta kawo shi wurin da ya fi so a duniya, ta zauna tana soka masa allura a gaban baƙi. Ta yi alkawari a ranta ba za ta ƙara ba. In shirun yake so, ta bar masa shirunsa.

Jirgi ya yi kuwwa ya faɗa cikin ramin da aka huda a dutse. Duhu ya rufe, ƙara ta ninku, jariri ya fara kuka. Da haske ya dawo, ƙasa ta ɓace. Ta taga babu komai sai sarari, can ƙasa ƙwarai wani kogi siriri kamar zare. Jirgi ya koma tafiyar hawainiya. Taragon ya karkata hagu, wajen kwazazzabon, kofi ya zame a tebur ya faɗi, ƙafafun jirgi suka ɗauki wata ƙara mai tsini da ke shiga har haƙori.

Mai goyo ta ƙwalla ihu. "Wayyo Allah, notunan sun kwance! Direba ya saki sitiyari! Mun mutu!"

Ta miƙe da jaririn a ƙirji, ta nufi ƙofa da gudu. Mutane suka fara tashi, wata mata ta kama salati, wani ya jawo jakarsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Goggo ba ta san lokacin da ta tashi ba, ba ta san tana da sauran wannan ƙarfin ba. Ta cafko yarinyar ta ƙugu kafin ta kai ƙofa, ta dawo da ita ta zaunar, ta durƙusa a gabanta ta riƙe mata gwiwoyi.

"Dube ni. Dube ni na ce! Ƙarya na yi miki, duk abin da na faɗa miki tun safe ƙarya ce. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Kin ji? Babu shi sam. Ba direba ke juya shi ba, dogo ke kai shi."

Yarinyar tana haki. "Ƙarar fa, Mama? Ƙarar!"

"Ƙafar jirgi leɓe gare ta ta ciki, shi ke riƙe ta a kan dogo. Ƙarar nan leɓen ne yake goga a kwana, aikinsa yake yi. Kuma ƙafar ba a miƙe aka ƙera ta ba, gefenta na ciki ya fi na waje faɗi, don haka da kanta take neman tsakiya, ko ba wanda ya ce mata."

"Ai faɗuwa muke yi, ga shi mun karkata!"

"Da gangan aka yi. A kwana ana ɗaga dogon waje ya fi na ciki tudu, kamar yadda mai keke yake kwantawa in zai sha kwana. Don muna tafiya a hankali ne kika ji shi sosai. Kuma a kan gada akwai wasu dogayen a tsakiya, 'yan rakiya, ko da ƙafa ta yi gardama su tare ta. Kan jirgin da ke bayanmu ba don na gaba ba shi da lafiya ba ne, turi yake yi, hawan ya fi ƙarfin ɗaya. Bugun da kike ji tun safe kuwa mahaɗar dogo ce. Ana barin ɗan tsaga, don ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana, in ba a ba shi wuri ba sai ya lanƙwashe. Duwatsun nan su ke riƙe layin kada ya motsa, su tsiyayar da ruwan sama. Babu abu ɗaya a hanyar nan da aka ajiye don ado."

Numfashin yarinyar ya fara sauka. Goggo ta saki gwiwoyinta, ta sarƙe yatsun hannayenta biyu ta yi baka da su.

"Danna nan. Danna da ƙarfi, kada ki ji tsoro. Kin ga? Kina dannawa suna ƙara kama juna. Haka gadar nan take. Dutse ne aka jera baka-baka, kowane yana jingine da ɗan'uwansa, nauyi ba ya raba su, ƙara haɗa su yake yi. Yanzu leƙa ki gani. Leƙa mana, ai don wannan ake zama a tarago na ƙarshe."

Yarinyar ta leƙa a tsorace. Daga inda suke ana ganin jirgin gaba ɗaya ya lanƙwasa a gabansu, kansa har ya kusa kai wa tsallake, taragai suna bin sa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashinsu ginshiƙan dutse sun sauka cikin kwazazzabon, dogaye, rana ta haske gefe ɗaya, tsuntsaye suna shawagi ta cikin bakunan, ƙasa da jirgin. Waɗanda suka tashi ɗazu duk sun dawo tagogin hagu. 

"Kai," in ji mai goyo a hankali. Sannan ta dubi Goggo. "To, Mama, me ya sa kika yi mini ƙarya?"

"Tsufa ne, 'yata, da rashin aikin yi. Ki yafe mini."

Ta dafa tebur ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara, ta koma kujerarta. Ita kanta mamaki take yi daga ina maganar nan ta fito, a jere, ba gargada. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba ta yarda ta dubi mijinta ba, don tana jin nauyin abin da ta yi masa. Ta shiga tattara kofuna.

Sai ta ji hannu a kan nata. Hannun hagun Malam ne.

Ta ɗago. Sarkin Dogo bai ga gadarsa ba. Duk tsawon hayewar ya juya wa taga baya, ita yake kallo. Bakinsa ya buɗe, ya yi kokawa da harshen, wannan karon bai dubi kowa ba.

"A... ashe," ya ce. Ya huta. "Ashe... kina... ji."

Muryar ta dushe, kalmomin a karye, amma tasa ce.  Goggo ta so ta ba shi amsa ta tsiya kamar yadda ta saba, ta ce ina za ta kai kunnenta a gida mai ɗaki biyu, amma bakinta ya ƙi.

"Ina ji, Malam," ta ce.

Ya girgiza kai a hankali. Yawu ya zubo, bai nemi hankici ba, ita ta goge masa da bakin mayafinta.

"Da... bakina... lafiya ma," ya ce, yana ɗauko kowace kalma da kyar, "na zaci... ba mai... ji. Balle... yanzu."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Duk watannin nan ta ɗauka kunyar karkataccen baki ce ta hana shi magana. Hawaye suka zubo mata, ba ta ɓoye ba, a gaban yarinyar da kowa.

"Ban bar ko ɗaya ta faɗi ƙasa ba," ta ce. "Ko ɗaya. Ga shi kuma na sa ka rasa gadarka."

Ya ɗaga kafaɗa ɗaya, wadda ke ɗaguwa. Jirgi ya riga ya hau ƙasa mai ƙarfi, ya fara ƙara gudu, bishiyoyi sun rufe bayansu. Ya nuna baya da babban yatsa.

"A... dawowa," ya ce. "Hannun... dama."

"To."

"Kuma... leɓen nan... ba ki... gama ba."

Goggo ta ture fulas gefe, ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta fuskance shi, ta ɗora hannayenta biyu a cinya.

"Ƙarasa mini," ta ce.

Ya ja numfashi ya fara. Kalma ɗaya takan ɗauke shi lokacin da a da yake zuba goma, wata ta karye ya koma ya ɗauko ta daga farko. Mai goyo ta gyara wa jaririnta kwanciya ta matso. Tafiyar da sauran nisa, kuma Goggo ba ta taya shi ko kalma ɗaya ba, ta bar shi ya kawo kowace da kansa.